Man Giyar Mota Otomatik: Yaushe Ya Kamata A Canja Shi?

Gabatarwa

A shekarun baya, duk wanda zai koyi tuƙi a ƙasar Hausa sai ya fara da sanin kuloci, domin Peugeot 404 da 504 da sauran motocin da suka cika tituna kusan dukkansu masu giyar hannu ne. A yau al'amarin ya sauya. Da yawa daga cikin ƙananan motocin da ake shigowa da su daga Amurka da Turai da Japan otomatik ne, wato motar ce ke canja wa kanta giya, direba kuwa totur da birki kawai yake takawa.

Wannan sauƙi ya zo da wata tambaya wadda ta raba kan masu motoci da makanikai. Wasu na cewa man giyar otomatik ba a taɓa shi har motar ta mutu, wanda ya taɓa shi kuwa ya tono wa kansa wahala. Wasu kuma na ganin a riƙa canja shi duk lokacin da aka canja baƙin man inji. Tambayar ba ƙarama ba ce, domin giyabos na daga cikin sassan mota mafiya tsada, kuma idan ya mutu a tsohuwar mota, kuɗin gyaransa kan ci wani babban kaso na darajar motar baki ɗaya. Wannan darasi zai duba aikin da man ke yi, da abin da ke tsufar da shi, da kuma yadda za a gane lokacinsa ya yi. Ɗalibi zai tarar cewa amsar tana cikin darussan fiziks da kemistiri da bayoloji da ake koyarwa a aji.

Aikin da man ke yi

A mota mai giyar hannu, babban aikin man giya shi ne sanya santsi tsakanin haƙoran ƙarfe don kada su ci juna. A mota otomatik kuwa, ayyuka huɗu ne a kan mai ɗaya.

Na farko, shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya. Tsakanin inji da giyabos akwai wata na'ura mai kama da ƙwarya biyu da aka kife aka liƙe bakinsu, wadda ake kira kwanbata, cike take da mai. Idan aka ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, aka kunna ɗaya, iskar da ta kaɗa za ta juya ɗayar ko da ba a kunna ta ba. Haka kwanbata take aiki, sai dai mai ne a madadin iska. Inji na juya fanka ta farko, ita kuma ta watsa mai a kan ta biyu, ta biyun ta juya giya. Wannan ne ya sa mota otomatik ke iya tsayawa cak tana cikin giya ba tare da injin ya mutu ba.

Na biyu, shi ke canja giyar. Masanin nan na ƙasar Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana tun a ƙarni na 17 cewa idan aka matsa ruwan da ke cikin rufaffen mazubi, matsin yakan isa kowane ɓangare na ruwan daidai wa daida. A cikin giyabos akwai famfo da ke matsa man, ya tura shi ta cikin wasu siraran hanyoyi masu bawul-bawul. Idan bawul ya buɗe, matsin man sai ya danne wasu faifan kuloci da ke jere a ciki, su kama juna, giya ta shiga. Faifan nan a cikin mai suke aiki, saboda haka dole man ya zama mai santsi daidai gwargwado. In santsin ya yi yawa faifan su zame, in ya yi kaɗan giya ta shiga da fizga.

Na uku, yana rage gogayya tsakanin ƙarafa. Na huɗu, yana kwashe zafi daga cikin giyabos ya kai shi inda zai huce, wanda a motoci da yawa wani ƙaramin bututu ne da ke cikin lagireto.

Ɗalibin bayoloji zai ga kamar ana ba shi labarin jini ne, domin shi ma jini famfo ke tura shi, yana bin siraran hanyoyi, yana rarraba zafi, yana kwashe datti. Amma akwai bambanci babba. Jiki yana da ƙoda da hanta masu tace jini, yana kuma da ɓargo mai ƙera sababbin jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda kowace ke yin kwana kamar 120 kafin a maye gurbinta. Giyabos yana da matata ɗaya wadda ke tare ɓarɓashi, amma ba shi da abin da zai sabunta man. Duk abin da ya ƙare a cikinsa ya ƙare ke nan har sai an zuba sabo.

Taƙaitaccen tarihin man

Wani injiniya Bajamushe, Hermann Föttinger, shi ne ya yi rajistar dabarar tura ƙarfi ta hanyar ruwa a 1905, kuma don jiragen ruwa ya ƙirƙiro ta. A 1939 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile samfurin 1940, wadda ita ce giya otomatik ta farko da aka ƙera da yawa don kasuwa. A 1949 kamfanin ya kafa ƙa'idar mai na musamman don irin wannan giya, sannan ya fito da Dexron a 1967. Kamfanin Ford ya fito da nasa mai suna Mercon a 1987.

Akwai wani abin sha'awa ga mai nazarin halittu a wannan tarihi. Har zuwa farkon shekarun 1970, ana zuba wa man giya wani maiƙo da ake samu daga kan wata ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, ɗaya daga cikin jinsunan wel, saboda yana jure zafi kuma santsinsa ba ya saurin gushewa. Da farauta ta rage yawan dabbar, Amurka ta haramta cinikin maiƙonta, sai masana suka koma neman madadi. Daga cikin abubuwan da aka gwada har da man 'ya'yan hohoba, wani tsiro na hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko, wanda tsarin sinadarinsa ya yi kama da na maiƙon dabbar. A yau haɗaɗɗun sinadarai na masana'anta ne ke yin wannan aiki.

Abin lura a nan shi ne, man giya gauraye ne na abubuwa biyu. Akwai gundarin man, akwai kuma sinadaran da aka ƙara masa: mai hana kumfa, mai hana tsatsa, mai wanke datti, mai daidaita santsi, mai hana shi tsinkewa idan ya yi zafi, da mai jinkirta haɗuwarsa da oksijin. Waɗannan ƙare-ƙare su ke fara ƙarewa tun kafin ido ya ga wani sauyi.

Abin da ke tsufar da mai

Babban abokin gabar man giya shi ne zafi. Duk wanda ya lura da kaskon mai ƙosai ya ga misalin abin. Man gyaɗan da aka zuba da asuba garau yake, amma idan aka yi ta suya da shi kwana da kwanaki sai ya yi duhu, ya yi kauri, warinsa ya sauya, gefen kaskon kuma ya yi wani danƙo mai wuyar kankarewa. Dalili shi ne zafi na sa oksijin na iska ya haɗu da sinadaran man ya mayar da su wasu abubuwa dabam. Irin wannan ne ke faruwa a giyabos. Danƙon yakan liƙe a siraran hanyoyin mai ya hana bawul motsi, sinadarai masu tsami da ke fitowa su ci ƙarfe, robobin da ke hana yoyo kuma su bushe su tsage.

Masanin kemistiri ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana a 1889 dangantakar da ke tsakanin zafi da saurin haɗuwar sinadarai. Daga bayaninsa aka sami wata ƙa'ida ta kusan-kusan: yawancin irin waɗannan haɗe-haɗe saurinsu kan ninka sau biyu idan zafi ya ƙaru da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Ƙa'idar ce ke bayyana abin da ya sa miyar da ta kwana lafiya da hunturu take lalacewa kafin la'asar da bazara.

Man giya yana aiki cikin natsuwa a wajen digiri 80. A ƙaddara wani mai zai iya yin kilomita 100,000 a wannan zafi. Bisa ƙa'idar da aka ambata, idan kullum a digiri 90 yake aiki zai yi kilomita 50,000 ne kawai, a digiri 100 kuwa 25,000. Waɗannan alƙaluma misali ne don fahimta, amma sun nuna cewa motoci biyu iri ɗaya, masu nisan tafiya ɗaya, man ɗaya na iya zama da sauran ƙarfi alhali na ɗayar ya daɗe da mutuwa.

Mafi yawan zafin daga kwanbata yake fitowa, a lokacin da fanka ta farko ke gudu ta biyu kuma tana jan jiki, domin ƙarfin da bai kai ga taya ba zafi yake komawa. A kan buɗaɗɗen titi, motocin zamani na da wani kuloci da ke ɗaure fankokin biyu wuri ɗaya, sai zafin ya ragu. Saboda haka doguwar tafiya daga Kano zuwa Kaduna ba ta gajiyar da mai kamar tashi-tsaya a cunkoson cikin gari, ko hawan tudu da kaya fiye da kima, ko jan wata mota, ko ƙoƙarin fita daga yashi da laka ana ta taka totur.

Baya ga zafi, akwai ɓarɓashin da faifan kuloci da ƙarafa ke zubarwa a hankali, wanda ke yawo a cikin man. Akwai kuma ruwa, wanda kan shiga ta ƙofar shaƙar iska ta giyabos idan mota ta kutsa cikin ambaliya, ko ta bututun da ke cikin lagireto idan tsatsa ta huda shi. Ruwa kaɗan ya isa ya saki gam ɗin da ke riƙe da fatar faifan kuloci.

To, yaushe ne lokacin?

Madogara ta farko ita ce littafin da kamfani ya haɗo motar da shi, domin giyabos iri-iri ne, mai ma iri-iri. Wanda motarsa ta zo ba littafi zai iya samun na samfurinta a intanet. Galibin littattafan suna ba da jadawali biyu: na aikin yau da kullum, da na aiki mai tsanani. A jadawalin farko akan ga kilomita 100,000 ko fiye, wasu ma su ce dubawa kawai za a riƙa yi. A na biyu kuwa adadin yakan sauko, sau da yawa zuwa tsakanin kilomita 40,000 da 100,000 gwargwadon motar. Alal misali, littattafan wasu motocin Toyota na kasuwar Amurka sun ce a canja man a mil 60,000 ko wata 72 idan motar na jan kaya ko ɗaukar nauyi.

Abubuwan da littattafan kan lissafa a matsayin aiki mai tsanani sun haɗa da tuƙi cikin zafi mai yawa, da hanya mai ƙura, da yawan tsayawa inji na aiki, da gajerun tafiye-tafiye, da ɗaukar nauyi, da aikin haya. Duk wanda ya san Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ya kuma san ƙurar hunturu da ke toshe ramukan lagireto, zai gane cewa yawancin motocin wannan yanki a jadawali na biyu suke, ko da mai motar malamin makaranta ne wanda daga gida sai wurin aiki.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye wajen karanta jadawalin. Na ɗaya, motocin da aka ƙera don Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya daidai yake da kilomita 1.6, saboda haka mil 60,000 ya kai kusan kilomita 96,000. Na biyu, idan aka ba da nisa da kuma watanni, wanda ya riga cika shi ake bi, domin mai na tsufa ko mota na ajiye. Na uku, motar da aka saya ta hannu, wadda ba a san tarihinta ba, ba a dogara da agogon tafiyarta kaɗai, sai a duba man tun a makon farko.

Wasu kamfanoni kan rubuta cewa man da suka zuba na tsawon rayuwar giyar ne. Wannan magana tana da gaskiya ta fuskar cewa man zamani ya fi na da juriya nesa ba kusa ba. Sai dai rayuwar da kamfani ke nufi ba lallai ta kai shekarun da mota ke yi a hannun mai ita na uku ko na huɗu ba. Kamfanin ZF na Jamus, wanda ke ƙera giyabos ga motoci irin su BMW, shi da kansa yana ba da shawarar a canja man bayan doguwar tafiya, musamman idan motar na shan wahala.

Yadda ake duba man

A motar da ke da sandar gwaji, akan bari inji ya yi zafi, a tsaya a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a taka birki a zagaya da giya ta kowane matsayi sannan a mayar da ita P. A yawancin motoci ana dubawa inji na aiki, amma a yawancin motocin Honda masu sanda ana kashe injin ne a duba nan take. A zaro sandar, a goge ta da ƙyalle mai tsabta, a mayar, a sake zarowa, a ga ko man na tsakanin alamomin biyu. Ƙarancin mai na sa famfo ya zuƙi iska, yawansa kuma na sa ya yi kumfa, kuma duka biyun suna rage matsi. Motoci da yawa na baya-bayan nan ba su da sandar, sai makaniken da ya san aikin ya duba ta wani noti a jikin giyabos, a wani ƙayyadadden zafi.

Daga nan sai a ɗiga man a farar takarda. Yawancin man giya ana rina shi ja ne don a bambanta shi da baƙin mai, ko da yake akwai kore da ruwan zuma. Ja garau alamar lafiya ce. Ruwan ƙasa mai haske na nuna ya fara tsufa, lokacin canji ya matso. Baƙi mai ƙauri, ko mai ɗauke da ƙyalƙyalin ƙarfe, na nuna an riga an yi ɓarna a ciki. Idan kuwa ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, kuma bai kamata a ci gaba da tuƙa motar ba. Launi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin wasu mayukan kan yi duhu da wuri alhali suna da sauran aiki. Shi ya sa ake haɗa shi da wari da nisan tafiya da halin motar.

Ita ma motar tana ba da alamu: jinkiri kafin ta ɗauka idan an sa D ko R, fizga wajen canja giya, karkarwa a matsakaicin gudu, ko inji ya yi ta ƙugi gudu bai ƙaru ba. Mai jiran waɗannan alamu kafin ya canja mai ya yi kama da mai jiran ciwo ya kwantar da shi kafin ya je awo.

Yadda ake canjawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a kwance notin ƙasa, man ya tsiyaye, a auna abin da ya fito, a zuba sabo daidai da shi. Inda ake iya cire kwanon ƙasa, akan wanke shi, a goge maganaɗisun da ke kama ɓarɓashin ƙarfe, a sauya matata. Sai dai wannan hanya kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi kawai take fitarwa, saura na maƙale a kwanbata da bututai.

Ga lissafi. A ɗauka giyabos na cin lita 8, kuma kowace tsiyaya na fitar da kashi 40 cikin 100. Bayan canji na farko saura kashi 60 na tsohon mai. Idan aka yi 'yar tafiya ya gauraya aka sake, saura kashi 36. A karo na uku saura kashi 21.6. Wannan ne dalilin da ya sa ake maimaita tsiyaya ga motar da aka daɗe ba a kula da ita ba. Akwai kuma na'urar da ke musanya kusan dukkan man a zama ɗaya, amma ga tsohuwar giya mai datti, tsiyaya a hankali ta fi aminci.

Irin man da aka zuba ya fi komai muhimmanci. Jan launi ba shaida ba ce cewa mai ya dace. Giyar da aka ƙera don Toyota WS ko Honda DW-1 ko Dexron VI tana bukatar man da ya cika wannan ƙa'ida, kuma sunan yana rubuce a littafi, wani lokaci a kan sandar gwaji. Giyar CVT, wadda ke aiki da bel ko sarƙar ƙarfe a madadin jerin haƙora, man ta dabam ne, kuma zuba mata na gama-gari na iya kashe ta. A sayi mai a rufaffiyar galan daga amintaccen wuri, domin araha ba ta ado.

Shin sabon mai na kashe giya?

Masu wannan magana sun ga wani abu na gaskiya, amma sun ɗora laifin inda ba nan yake ba. Yawanci ba a tuna da man sai giya ta fara zamewa, a lokacin kuwa faifan kuloci sun riga sun cinye. Ɓarɓashinsu da ke yawo a tsohon man shi ke ba su ɗan kaushin da suke kama juna da shi. Da an zubar da shi an zuba sabo mai santsi, sai ɓarnar da ke ɓoye ta fito fili. Haka kuma akan sami inda aka zuba man da bai dace ba, ko aka zuba ba daidai awo ba. Giyar da ake canja wa mai a kan kari ba ta fuskantar wannan haɗari. Wadda manta ya riga ya ƙone kuwa, gwani ya kamata ya duba ta kafin a taɓa komai.

Ina za a kai tsohon man?

Kada a zubar da shi a kwata ko a ƙasa. Mai na shimfiɗuwa a saman ruwa ya hana oksijin shiga, kifi da sauran halittun ruwa su shaƙe, wanda ya nutse a ƙasa kuma yana iya kaiwa ga rijiya. Bai dace a shafa shi a fatar mutum ko ta dabba da sunan magani ba. A zuba shi a galan mai murfi, nesa da yara, a miƙa wa masu tattara tsohon mai.

Kammalawa

Man giyar otomatik yana tsufa, kuma zafi da wahalar aiki ne ke ƙayyade saurin tsufansa fiye da alƙaluman agogon tafiya. Canja shi tare da baƙin mai kowane lokaci ɓarnar kuɗi ce, barinsa har abada kuma ganganci ne. Mai mota a ƙasa mai zafi da ƙura ya nemi littafin motarsa, ya bi jadawalin aiki mai tsanani, ya riƙa duba man lokaci-lokaci, ya kula da lafiyar lagireto, ya kuma rubuta rana da nisan tafiya duk lokacin da aka yi canji.

Tambayoyi don nazari

1. Kawo ayyuka huɗu na man giyar otomatik, ka kwatanta kowanne da aikin jini inda kwatancin ya yiwu.
2. Agogon wata mota ya nuna mil 45,000. Kilomita nawa ke nan?
3. Idan kowace tsiyaya na fitar da rabin man, sau nawa za a yi kafin tsohon mai ya gaza kashi 15 cikin 100?
4. Tare da malami, a ɗiga sabon man gyaɗa da wanda aka daɗe ana suya da shi a farar takarda, a bar su minti 30, a rubuta bambancin launi da faɗin da kowanne ya yi, sannan a bayyana dalili.